JIRAN JIRGI: DAGA ZANGON FAGGE ZUWA TSIBIRIN SAWAKIN

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, akwai maganar da ke cika bakin mutanen Kano, wato "jirgi bai zo ba." Za ka ji ta a Wapa wurin 'yan canji, ka ji ta a Kantin Kwari, ka ji ta a kasuwar Sabon Gari inda ake sayayyar tafiya. Maniyyaci ya yi sallama da dangi, an raka shi sansanin alhazai da kuka da addu'a, bayan kwana uku sai a gan shi ya dawo gida don ya yi wanka ya sake kaya, yana sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin. Idan ya yi ƙorafi amsa ɗaya ake ba shi: "Alhaji a yi haƙuri, ai hajji ɗan haƙuri ne, kakanninmu ma da ƙafa suka je."

Wannan maganar ta kakanni ita nake so mu bi diddiginta a yau. Gaskiya ne sun je da ƙafa, kuma sun yi jiran da ya ninka namu sau ɗari. To amma wane irin jira suka yi, a ina suka yi shi, kuma wa ke kula da su a lokacin da suke yin sa? Ni dai a ganina idan muka san amsar waɗannan tambayoyi za mu gane haƙurin da ya wajaba a kan matafiyi, mu kuma gane wanda ake ɗora masa don a rufe sakacin wani.

Bari mu faro daga Fagge, domin kuwa ita kanta unguwar jira ne ya haife ta. Masana tarihin Kano suna danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fili ne a wajen ganuwa inda Buzaye da sauran fataken arewa ke sauke raƙumansu. Ayari ba ya tashi don mutum ɗaya ya matsu. Sai kaya sun haɗu, dabbobi sun huta, damina ta ɗauke, an kuma sami labarin hanya, sa'annan madugu ya sa rana. Kafin ranar ta zo baƙo yana hannun fatoma, wato mai masaukinsa. Fatoma ne ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki. Idan ya yi masa ƙarya ko ya ci amanarsa, labari zai bi ayari har Agadas, baɗi kuma gidansa ya zama kango. Mai karatu ya riƙe wannan batu na fatoma, za mu sake waiwayarsa.

Hanyar hajji ta gabas, wadda ta fi tashe daga ƙarni na 19, takan bi ta Barno, ta tsallaka ƙasar Cadi ta Fallomi, garin da aka mayar da sunansa Injamena a 1973, ta wuce Abashe, ta shiga Darfur ta Jinena da Fashir, ta kai Ubayyid, ta haye Kogin Nilu, har ta dire a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000. Talaka ba ya fita da guzurin da zai kai shi ƙarshenta. Yakan yi zango ya yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da yara karatun allo, idan ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. Shi ya sa wani yakan yi shekara uku, wani bakwai, wani ma a haifi ɗansa a hanya yaron ya isa Makka da wayonsa. Saboda haka ne a da ake yi wa mai niyyar hajji sallama irin ta wanda ba a sa ran sake gani, ya biya basussuka, ya bar wasiyya, ya sa likkafaninsa a cikin kaya.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 hanyar ta ƙara cika. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mutanenmu suka sami aikin ƙodago a can, Jazira ta zama babban zango. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da jikokin waɗannan mutane ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa akwai waɗanda aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Ka ji jiran da ya zama gado.

Ƙarshen tudu shi ne Sawakin. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri ne zagayayye a cikin lungun teku, gidajensa na benaye an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa daga ruwa, an kuma haɗa shi da gaɓa da wata 'yar hanya a ƙarni na 19. Ya daɗe a hannun Turkawa da Misirawa yana cin kasuwar Bahar Maliya. Da Ingilishi suka ga mashigarsa ta yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, sai suka gina sabuwar tasha, Bur Sudan, kimanin kilomita 60 a arewa, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe suka koma can, gidajen murjani suka fara zubewa. Abu ɗaya aka bar wa Sawakin, shi ne alhazai. A nan ne mutumin Fagge da ya shekara biyar a hanya zai tsaya yana kallon ruwa, tsakaninsa da Jidda tafiyar kwana ɗaya ko biyu, amma ba shi da ikon tsallakawa sai an ce ya tsallaka.

Dalilin tsayawar yana da tarihi. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka lokacin hajji, ta kashe dubban alhazai, ta bi masu komawa zuwa Masar, daga nan ta shiga Turai. Ƙasashen Turai suka yi taro a Istambul a 1866, daga baya aka kafa wuraren killace alhazai a hanyoyin teku: tsibirin Kamaran kusa da Yaman ga masu zuwa daga Indiya da Jawa, da Ɗur a gefen Sina'i ga masu komawa arewa. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa Sawakin ce tasu. A nan ake yi musu lambar agana da allurar kwalara, a duba takardunsu, a tsare su kwanaki, sa'annan su sayi tikitin zuwa da dawowa su jira jirgin ruwa. Larabawa suna kiran wannan killacewa karantina, har ma aka sa wa wata unguwa wannan suna a Jidda.

Gwamnatin Turawa ta Nijeriya ta shiga lamarin a tsakiyar shekarun 1920, bayan ta aiki wani jami'inta mai suna Lethem ya zaga Sudan da Jidda da Alƙahira ya duba halin da mutanenmu ke ciki. Aka fito da tsarin fasfo na alhazai da ajiye kuɗin dawowa. Wanda ba shi da kuɗin, ko ya gaji da jira, sai ya sulale kudu zuwa gaɓar Iritiriya da ke hannun Italiya, wajejen Musawwa, ya biya masu kwalekwalen filafilai su tsallakar da shi da dare. Wasu sun isa lafiya. Wasu an sauke su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuma sun faɗa hannun masu cinikin bayi, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962. Tun a wancan zamani gajeriyar hanya tana da tsadarta.

Abin lura a nan shi ne, wanda jirgin bana ya wuce shi a Sawakin bai yi asarar komai ba sai lokaci. Zai koma Bur Sudan ya yi dako, ko Jazira ya tsinci auduga, ya zauna a unguwar 'yan uwansa ƙarƙashin shehun Takari wanda ya san hukuma ya kuma san ranar jirgi, baɗi ya sake gwadawa. Kuɗinsa na ɗaure a ƙugunsa, shawarar tashi da zama kuma tasa ce.

Masu hali suna da wata hanyar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari kuma ta kafu wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. A nan aka sami akawuna da wakilan kamfanoni waɗanda suka san takardun tafiya da jadawalin jiragen ruwan Ikko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta teku a 1921: daga Ikko zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki Joji na biyar, daga can ya gangaro zuwa Jidda. Hanyar ta fi nisa a taswira, amma cikin watanni ya je ya dawo.

Jirgin sama kuwa ta hanyar alhazai ya zo mana, sai dai ya biyo ta ne daga gabas zuwa yamma. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Hartum da Ubayyid da Fashir da Fallomi. Zangunan da mai jaki ke kwashe shekaru yana bi, su cikin kwana shida suka gama da su. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi sun ratsa ta Kano zuwa Masar. Bayan yaƙi Kano ta zama wurin shan mai ga jiragen da ke tsallaka Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka, har aka ajiye mai kakaki a kan raƙumi yana busa idan jirgi ya doso. Dattawanmu da suka ga wannan suna ba da labarinsa da dariya, amma ni ina ganin hikima a ciki: ko ba ka iya karatu ba, ka san jirgi ya zo.

A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda haruffan farko na sunanta na Turanci suka ba da WAPA. Alhaji Mahmudu Ɗantata shi ma yana cikin jagororin wannan harka. Da manyan motoci suka fara, ta Maiduguri zuwa Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, daga farkon shekarun 1950 kuma aka shiga ɗaukar alhazai ta sama daga Kano. Sunan Wapa da muke kiran wannan yanki na Fagge da shi daga nan ya samo asali, kuma ba mamaki da canjin kuɗi ya yi gida a wurin, tun da alhaji ne farkon mai neman kuɗin waje. Waɗannan ejan-ejan fatomomi ne na sabon zamani. Kowa ya san gidajensu da masallacin da suke salla, idan mota ta lalace a daji ko jirgi ya makara an san ƙofar da za a buga.

Sannu a hankali hukuma ta karɓi aikin. Alhaji Abubakar Imam ya kai batun jin daɗin alhazai gaban Majalisar Wakilai a 1953, Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in alhazai a 1957. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka yi ta sake mata fasali har zuwa dokar 2006 da ta kafa hukumar da ake kira NAHCON. Kuɗin mai ya sa maniyyata suka yawaita, a 1977 suka haura 100,000. Babu attajirin da zai iya ɗaukar wannan adadi, don haka shigowar hukuma dole ce. Sai dai wani abu ya salwanta a wajen canjin hannun. Maniyyaci ya biya kuɗinsa watanni kafin tafiya, fasfonsa na hannun jami'i, ranar tashinsa na hannun kamfanin jirgi, shi kuwa yana kan tabarma a sansani ba ya iya sana'a, ba ya iya komawa gida da kwanciyar hankali don kada a kira sahunsu ba ya nan.

Bugu da ƙari, jiran yanzu yana da wa'adi. Saudiyya takan rufe filin jirgin Jidda ga maniyyata ranar 4 ga Zulhajji. Duk jirgin da ya makara kwana ɗaya a farkon jigila, sai ya tura na bayansa, na baya ya tura na bayansa, har a wayi gari kwanaki sun ƙare mutane ba su ƙare ba. Haka ta faru a hajjin Janairun 2006, lokacin da dubban 'yan Nijeriya suka rasa tafiya duk da ƙarin lokacin da aka roƙo. Haka ta sake faruwa a 2022, hajjin farko da aka buɗe wa baƙi bayan annobar korona, inda aka bar ɗaruruwan maniyyatan Kano a ƙasa. Ka tuna yawancin waɗannan mutane manoma ne da tsofaffin mata da suka sayar da shanu ko gona, wasu shekara goma suna tari. Ko an ce an ajiye musu kujera zuwa baɗi, kuɗin kujerar na iya tashi, Naira na iya faɗuwa, kuma ba kowane tsoho ne ke ganin baɗi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk jinkiri laifi ne. Tarihin jigilarmu yana da ranaku biyu da suka isa su sa mutum ya gode wa matuƙin da ya ƙi tashi. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi Boeing 707 na ƙasar Jodan da Nigeria Airways ta yi haya ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Ikko, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, wuta ta kama, mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma jirgi DC-8 na wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, tayoyinsa suka fashe suka kama wuta tun a kan titin tashi, ya faɗi kafin ya samu komowa, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna an san iskar wasu tayoyin ba ta cika ba, makaniki ya nemi a ƙara, amma aka ƙi tsayawa don kada a makara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wanda ya san wannan ba zai zagi hazon hunturu ko injiniyan da ya ce sai an gyara ba.

Ashe ke nan jira iri biyu ne. Akwai wanda iska da inji da annoba ke kawowa, kamar na 1996 da Saudiyya ta hana 'yan Nijeriya shiga saboda sanƙarau, ko na 2020 da 2021 da aka hana duk baƙi. Wannan sai haƙuri da addu'a. Akwai kuma wanda mutum ke ƙirƙira: a ɗauki kwangilar da ba a da jiragen cika ta, a kira mutane sansani alhali an san jirgi bai baro inda yake ba, a sa sunan mai uwa a gindin murhu a gaban na wanda ya riga shi biya, sa'annan jami'i ya kashe waya. Wata gwaggona ta taɓa kwana biyar a irin wannan hali, da ciwon sukarinta, kullum ana ce musu "anjima kaɗan." Da ta dawo daga Makka na tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala, ina zaton za ta ce jifan shaiɗan ko zafin Arfa. Sai ta ce, "Ɗan nan, da sun ce mana sai Alhamis ai da na koma gida na sha maganina a kan lokaci. Rashin faɗin gaskiyar ne ya gajiyar da ni."

Maganarta ta mayar da ni kan fatoman Fagge da shehun Takari na Sawakin. Ba su da ikon kawo jirgi ko tayar da ayari, amma baƙonsu ya san inda zai kwana, ya san abin da zai ci, ya san dalilin zamansa, ya kuma san wanda zai riƙe idan aka cuce shi. Yau da kusan kowane maniyyaci ke da wayar salula a aljihu, ko ɗansa ke da ita, babu hujjar tara tsofaffi a sansani kafin a tabbatar jirgi ya taso. A buga jerin sahu a fili kowa ya ga sunansa. Idan an sami matsala babban jami'i ya fito da kansa ya faɗi dalili da sabuwar rana. Kamfanin da ya saɓa alkawari ya ɗauki nauyin ci da kwanan mutane, kuma a tuna masa da laifinsa lokacin rabon kwangilar baɗi.

Shi ma maniyyaci akwai darasin da zai ɗauka daga mutanen da. Ba su taɓa fita da zaton hanya za ta yi daidai da lissafinsu ba. Maganin da kake sha ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita, kada ya shiga uwar jaka. Ka riƙe 'yar tabarma da buta da abin taɓawa mai jure kwanaki, irin su ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa. Ka ware 'yan Nairori na zaman sansani dabam, don kada ka fara cin guzurinka tun kana Kano. Ka ajiye hoton fasfonka da rasidin biyan kuɗi wurin wani a gida. Masu bin jirgin yawo kuma su binciki ejan kafin su miƙa kuɗi, su tabbatar yana da lasisi da ofishin da aka sani, domin masu kwalekwalen Musawwa suna da magada.

Wani abin mamaki shi ne har yanzu Sudan ba ta fita daga hanyarmu ba. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazanmu na shekarar suka riƙa zagayawa, tafiyar da aka saba yi cikin awa huɗu da wani abu ta ƙara tsawo, kuɗinta ma ya ƙaru. A daidai lokacin ɗalibanmu da suka gudo daga Hartum suna zube a kan iyakar Masar da kuma Bur Sudan suna jiran jirgin da zai kawo su gida, a bakin tekun da kakanninsu suka yi jira.

Don haka idan aka sake ce wa maniyyaci kakanninsa da ƙafa suka je, ya amsa da cewa haka ne, amma a kowane zango akwai mai faɗa musu gaskiya. Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu da ba mu je ba kuma Ya kira mu muna da rai da lafiya. Amin.